Ruwan Da Ka Kora Daga Gidanka, A Ɗakin Wa Zai Kwana?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ke raba zumunci a unguwanninmu duk damina, amma ba kasafai ake jin sa a labarai ba. In aka ce ambaliya, hankalin mutane yakan tafi ga madatsar Bagauda da ta ɓalle a 1988, ko ta Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024. Irin waɗannan ana ɗaukar su a hoto, a je jaje, a raba kayan agaji. Wadda nake magana a kai maƙwabci ne ke kawo wa maƙwabci, da tifar ƙasa da buhun siminti, sau da yawa ma bai san ya yi ba. An turo min ita ɗaki, ni ma na tura ta ɗakin wata, shi ya sa nake ganin ina da bakin magana.

Ni tsohon malamin makaranta ne, labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya. A 1994 na sayi fili a unguwar Ɗorayi da ke Kano, awon igiya, lokacin ana hango gonaki daga ƙofar gida. Layinmu yana kan ɗan gangare, gabas tudu, yamma kwari. Ruwan tsakar gidana yana fita ta rariyar da ke gindin katangar yamma, ya bi ta gefen gidan maƙwabcina, ya faɗa lungu, ya gangara wani kududdufi da ke ƙasan unguwa. Maƙwabcin nan dattijo ne mai sayar da goro, Allah ya jiƙansa. Ranar da zai ja katangarsa, shi da kansa ya sa magini ya matsa da igiya, ya bar tazarar da ba ta fi taku ɗaya ba tsakanin katangata da tasa. Na ce masa, “Baba, ai cikin filinka ne.” Ya ce, “Malam, ruwa baƙo ne, rakiya ake yi masa.” Ba mu rubuta komai ba, ba mu kira shaida ba. Shekara kusan 30 ruwa yana bin wannan tazara, ban taɓa kwashe ruwa a ɗaki ba.

Da dattijon ya rasu, magada suka sayar da gidan a 2022. Wanda ya saya, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya rushe ginin duka ya tayar da sabo. Na ƙirga tifa 14 na jar ƙasa da aka juye masa, domin a ƙofar gidana motocin suke juyawa. Aka yi ciko, aka daddaɓe, aka shimfiɗa intaloki tun daga bakin get har bayan ɗakuna, ko wurin da za a dasa darbejiya ɗaya ba a bari ba. Tazarar nan kuwa dillali ya haɗa ta cikin awon da ya sayar. Sabuwar katanga ta zo ta manne da tawa, bakin rariyata ya koma yana kallon bulo.

A nan na yi sakaci, kuma ba zan ɓoye ba. Na ga abin da idona, amma nauyin baki ya hana ni tunkarar mai gidan. Baƙo ne a unguwa, ban so maganarmu ta farko ta zama ƙorafi ba. Birkilan na yi wa magana, ya ce kada in damu, za a sa bututu in an zo ƙarshen aiki. Lokacin rani ne, ƙasa a bushe ƙamas, sai na bar maganar. Aka gama aiki, aka yi fenti, aka tare.

Ruwan farko da na biyu ƙasa ta shanye. Wani dare cikin watan Agustan 2023, bayan sallar isha'i, hadari ya haɗo daga gabas, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe biyu uwargida ta taɓa ni ta ce, “Malam, tashi, ruwa a ɗaki.” Na sauko da ƙafa daga gado, sai na ji ta cikin ruwa mai sanyi har idon sawu. Babu wuta. Da na haska tocila tsakar gida, ta zama tafki, takalman yara da butoci suna yawo a kai, allon autana yana juyawa a bakin madafa, rubutun da ya yi da yamma ya wanke tas. Indararo uku suna zuba, babu inda ruwan zai bi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne salga. Ta cika ta tumbatsa, abin da ke cikinta ya gauraye da ruwan da muke tsaye a ciki, ga rijiyarmu taku shida daga wurin. Muka yi layi da bokitai da robobi, ni da uwargida da manyan yara, muna miƙa wa juna har zaure muna watsawa waje. Da aka kira assalatu ba mu gama ba. Buhun masara ɗaya da rabi ya jiƙe, katifu biyu suka tafi, sai akwatin littattafan da na tara tun ina kwalejin horon malamai, waɗanda na bi shafi-shafi ina shanyawa a rana amma suka manne da juna. Har yau shatin ruwan yana jikin bangon ɗakina. Sati biyu bayan nan ƙaramar jikata ta kwanta da amai da gudawa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Mutane ba sa ganin yawan ruwan da ke sauka a gida ɗaya, shi ya sa suke raina maganar. Lissafin kuwa mai sauƙi ne, na sha koya wa ɗalibai. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fuloti mai ƙafa 100 da 50 ya kai murabba'in mita 465. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda ba baƙo ba ne a Kano cikin Agusta, abin da ya sauka a wannan fuloti ya haura lita 23,000, wato jarkar 'yan garuwa mai lita 25 sama da 900. Da can, tsakar gida ƙasa ce, akwai bishiya, akwai turken awaki, wani kaso na ruwan yana nutsewa, sauran ya fita a hankali. Yanzu sama kwano, ƙasa siminti ko tayil. Kusan duk jarka 900 ɗin nan sai sun fita daga gidan, kuma cikin ɗan lokaci. Ruwa ba ya ɓacewa don ka ɗaga gidanka. Wanda ke ƙasa da kai ne zai karɓa.

Da gari ya waye na yi wanka na je na yi wa Alhaji sallama. Ya fito, muka gaisa, na gaya masa abin da ya faru, na roƙe shi ya zo ya gani. Ya jajanta min, amma ya ce, “Malam, ni fili na saya da kuɗina, takarda tana hannuna, babu inda aka rubuta akwai hanyar ruwa a ciki. Kowa ya san yadda zai yi da ruwan gidansa.” Na ce, “Alhaji, hanyar nan ta girmi takardar.” Ya ce shi ba zai fasa intalokin da ya kashe wa kuɗi ba, in ina so in yi ciko kamar yadda ya yi. Raina ya ɓaci, na faɗi maganar da bai kamata ba, shi ma ya mayar. Daga ranar muka koma sallama daga nesa. Matanmu da suka fara shiri suka janye. Azumi ya zo, kwanon kunun da aka saba miƙawa bai ƙetara ba ta kowane ɓangare. Babban ɗana ya taɓa ɗauko diga da dare zai huda katangar, sai da na tsaya a zaure na rantse masa in ya fita ban yafe ba. Wasu suka ce in kai ƙara wurin 'yan sanda, wasu suka ce kotu. Na duba aljihuna, na duba shekarun da za mu yi muna haɗa sahu a masallaci ɗaya, na fasa.

Sai na bi shawarar da ya ba ni cikin fushi. Da rani na karɓi bashi a kan kuɗin fansho, na sa aka kawo tifa 3, aka ɗaga tsakar gidana, aka yi daɓen siminti, aka ƙara tsawon dokin ƙofa a kowane ɗaki, aka huda sabuwar rariya ta zaure ta fita lungu kai tsaye. Na ƙara da dakali a ƙofar gida. Damina ta zo, ɗakina a bushe. Na yi hamdala, na ɗauka magana ta ƙare.

Daura da ni, ɗan ƙasa kaɗan, akwai gidan wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Gwaggo. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana riƙe da jikoki marayu huɗu da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Gidanta ginin ƙasa ne, rufin azara, yana cikin na farko a layin. Ruwan da na juya, da wanda ke fitowa ta ƙarƙashin get ɗin Alhaji, suka haɗu a lungu, dakalina ya karkatar da su, suka riƙa dukan gindin katangarta. Ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa. Danshi ya hau, yaɓe ya zube, ƙasan katangar ya zaizaye ya yi kogo. Cikin Agustan 2024, da asuba, bangon ɗakinta na kudu ya kwanta. Allah ya kiyaye, ta waje ya faɗi, yaran suna ɗaya ɓangaren.

Na je jaje tare da jama'a. Na same ta zaune a kan turmi, tana tsince gyaɗa daga cikin laka, ɗaya-ɗaya, tana zubawa a ƙwarya. Na durƙusa na ce, “Gwaggo, sannu, Allah ya mayar da alheri.” Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma daina tsintar ba. Ta ce, “Amin, Malam. Ruwanka ne ya kwana a ɗakina. Da ta bayan gidan mai goro yake bi.” Ban sami abin cewa ba. Shekara guda ina yawo da ƙorafin an zalunce ni, ashe abin da aka yi min shi na yi mata, kuma ni na fi Alhaji laifi ta wani ɓangaren, domin shi bai san unguwar ba, ni kuwa na san inda kowane ɗigo yake gangarawa, kuma shi ne darasin da na ci abinci da shi.

Ranar na je wurin mai unguwa. Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙara na kawo, ta kaina da ta maƙwabcina.” Ya sa rana, ya kira Alhaji da liman da dattawan layi, ya aika aka ɗauko jikan Gwaggo babba ya zauna a madadinta. Liman bai yi dogon wa'azi ba. Ya kawo hadisin nan da yaran islamiyya ke haddacewa, cewa babu cuta babu cutarwa. Sannan ya ba da labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: Dahhaku ɗan Khalifa ya so ya ja hanyar ruwa ta ratsa gonar Muhammadu ɗan Maslama, shi kuwa ya ƙi. Aka kai magana gaban Sayyidina Umar, ya lallashe shi, ya nuna masa abin zai amfane shi kuma ba zai cuce shi ba, ya sake ƙi. Sai Umar ya rantse cewa ruwan zai wuce ko da ta kan cikinsa ne, ya ba da umarni aka ja hanyar. Liman ya ce wancan ruwan ban-ruwa ne da mutum ya jawo da hannunsa, to ina ga ruwan da Allah ya saukar, wanda yake da hanyarsa tun kafin a yi ginin?

Abin da ya karya gardamar, duk da haka, wani tsohon birkila ne da mai unguwa ya gayyato. Ya zo da siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da magina ke auna daidaiton gini. Ya riƙe baki ɗaya a tsakar gidan Alhaji, yaronsa ya ja ɗaya bakin zuwa gidana, sannan gidan Gwaggo, yana zana alama da gawayi a bango. Gidan Alhaji ya ɗara nawa da kusan ƙafa 2. Nawa ya ɗara na Gwaggo da ƙafa 1 da 'yan kai. Ɗakin da take kwana ya fi tsakiyar lungu zurfi. Kowa ya ga zanen gawayin da idonsa. Alhaji ya daɗe yana kallon bangon da ya faɗi, sannan ya ce shi wallahi ba a gaya masa akwai rariya a wurin ba sai bayan an gama gini, kuma da na same shi tun ana haƙa tushe da bai ƙi ba. Na yarda da shi. Bututun da zai ci kuɗi kaɗan a lokacin, yanzu sai an ɗaga intaloki an fasa gindin katanga.

Haka aka yi. Ya yarda aka ɗaga layi biyu na intalokin aka binne bututu mai inci 6 a tsohuwar hanyar. Na rushe dakalina. Gidaje 11 muka yi karo-karo, kowa gwargwadon ƙarfinsa, a lokacin da buhun siminti ke neman naira 10,000, matasa suka ba da ƙarfinsu, aka haƙa lambatu a tsakiyar lungu aka kai shi babbar kwata. Ni da Alhaji muka raba kuɗin bulon da aka tayar wa Gwaggo ɗaki. Mai unguwa ya sa aka rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, an ajiye kwafi a wurinsa, domin gidaje suna canza hannu, kuma abin da ya faru da tazarar mai goro kada ya sake faruwa.

Malam Edita, na san namu ya zo da sauƙi. Na san layukan da irin wannan magana ta kai ga fasa kai, da waɗanda 'yan uwa ciki ɗaya suka shekara ba sa gaisawa saboda indararo ɗaya da ke zuba a tsakar gidan wani. Duk wanda ke yawo a Kurna ko Sheka ko Rijiyar Lemo ko cikin birni zai ga abin da nake kira gasar ciko. Wannan ya ɗaga, na kusa da shi ya ɗara shi, na gaba ya ɗara su duka. In aka gyara titi aka ƙara masa tudu, sai a sake sabon zagaye. Za ka ga tsohon gida da a da ake hawa matakala a shiga, yau sai an sunkuya an gangara, tagoginsa sun kusa taɓa ƙasa. Mai irin wannan gida kusan kullum shi ne wanda ba shi da kuɗin tifa: tsohuwa, marayu, ɗan fansho, mai ƙaramin ƙarfi. Ruwan layi gaba ɗaya a kansa yake ƙarewa, alhali shi ne ya riga kowa zuwa.

Ga kuma kududdufai. Kakanninmu daga nan suka haƙi ƙasar gini, ramin ya zama matattarar ruwan unguwa, abin da ya yi saura ya bi rafin Jakara da sauran magudanai ya fita gari. Muna ƙyamar su saboda sauro da shara da yaran da ke faɗawa, kuma ƙyamar tana da dalili. Amma in za a cike kududdufi a yanka filaye, sai a fara amsa tambayar inda ruwan da yake sha zai koma. Namu na ƙasan unguwa an cinye fiye da rabinsa da shara da gini. Lambatun da muka haƙa yana aiki, amma duk ranar da babbar kwata ta toshe da leda da robar lemo, ruwan baya yake dawowa. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli, yawancinmu zaman gida muke yi mu jira a buɗe hanya. Ko an yashe kwata, sai a tara dattin a bakinta, ruwan farko ya mayar da shi ciki.

Roƙona ga masu unguwanni da dagatai shi ne su mayar da maganar ruwa cikin abin da ake tambaya tun farko. Ba a cinikin gida ko fili a unguwa ba da saninsu ba. To ranar da ake shaida ciniki, a tambayi mai sayarwa: ruwan wa ke bi ta nan? A rubuta a takardar, kamar yadda ake rubuta iyaka gabas da yamma. Wanda zai yi ciko ko daɓe, ya kira na sama da shi da na ƙasa da shi kafin tifa ta zo, a kawo tiyo a auna. Hukumar tsara birane, in za ta amince da zanen gini, ina roƙon ta riƙa duba tsawon cikon da mafitar ruwan tare da yawan ɗakuna. Magina da birkiloli su ji tsoron Allah, su ne suke ganin rariyar maƙwabci da idonsu kafin su ɗora bulo a bakinta, kuma mai gida yakan ji maganarsu. Malamanmu kuma, cikin huɗubobin da ake yi gab da damina, a taɓo wannan. Muna jin haƙƙin maƙwabci a kan abinci da rance da ziyarar mara lafiya, amma ban taɓa jin an hau mumbari an ambaci indararo da rariya ba, alhali malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi maganar cutar da maƙwabci ta hanyar gini tun da daɗewa.

Mai hali da ke son tsakar gida mai tsafta, ba na ce kada ya yi daɓe ba. Ya bar wani yanki ƙasa, ya dasa bishiya, ya sa tanki ko duro a ƙarƙashin indararo. Unguwar da muke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa duk shekara, ita ce kuma muke faɗa a kan wanda za a tura wa ruwan sama. Ni yanzu duro biyu nake tarawa, uwargida tana wanki da shi kwana uku.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau, shekaranjiya da safe na ji ƙarar tifa a saman layinmu. An sayar da gida na biyu daga gabas, sabon mai shi ya fara juye ƙasa, zuwa jiya da yamma na ƙirga 6. Ban san shi ba, ko sunansa ban sani ba. Na gaya wa Alhaji, ya ce in jira shi bayan la'asar mu tafi tare, ya kuma aika a kira tsohon birkilan ya zo da tiyonsa.

Na gode da wannan fili. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Ɗorayi, Kano.